Usur a Kan Dutsen Rooiklip

"Wa ya busa usur ɗin nan?"

Faizel ne ya yi tambayar, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, hannunsa riƙe da bakin taru. Mutum ashirin sun kwashe awa guda suna ja, igiya ta saɓule musu tafin hannu, abin da ya fito kuwa ciyawar teku ce tuli guda da wani tsohon takalmi ƙafa ɗaya. Ko ɗan kifin da mage za ta karya da shi babu.

"Na ce wa ya busa?"

Wardiya ta saci kallon mahaifinta. Baba Majiet yana tsaye a gefenta, saukowarsu ke nan daga kan dutse, usur ɗin tagulla yana reto a ƙirjinsa. Ta ga ya buɗe baki zai yi magana...

"Ni ce, Yaya."

Faizel ya juyo ya dube ta.

"Ke ce me?"

"Ni na busa. Baba ya ɗan zagaya, ya ba ni usur in riƙe masa. Na ga ruwa ya yi duhu na ɗauka kifi ne... ashe inuwar gajimare ce."

"Inuwar gajimare!" Faizel ya yi jifa da igiyar hannunsa. "Ke da aka haifa a gindin dutsen nan? Ke da kika san launin ruwa tun kafin ki iya ɗaura ɗankwali? Wardiya, dube ni da kyau, na yi miki kama da sakarai?"

"Kuskure ne, Yaya, ka yi haƙuri."

"Haƙuri zan kai wa 'ya'yan mutanen nan su dafa?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta yarda ta dubi ɓangaren jan jirgin ruwan da ke bakin gaɓa ba, don ta san akwai idanun da ke kanta a can, kuma mai idanun ya san sarai ƙarya take yi.

Unguwarmu Rooiklip ba wata babba ba ce. Layi uku ne na gidaje a matse tsakanin dutse da teku, sai hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ta gabansu, sai masallaci da maƙabarta. Jiragen kamun kifi guda biyu ne tun kakanni: shuɗi na gidan su Wardiya, wanda yayanta Faizel ke riƙe da shi, da ja na gidan Anti Jawaya, wanda ɗanta Rushdin ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsa. Layi ake bi. Wanda layi yake kansa ya zauna a bakin ruwa da tarunsa, ko kwana uku ne, har sai an kira shi. Amma da zarar taru ya jiƙe, ko ka kamo ko ba ka kamo ba, layi ya koma wa ɗaya jirgin.

Mai kiran kuwa mutum ɗaya ne. Daga bakin ruwa ba a ganin kifi, sai daga can saman dutse, inda garkensa ke fitowa kamar an zubar da tawada a cikin shuɗin ruwa. Mai duba ya busa usur, sannan ya ɗauki farar tuta ya riƙa nuna wa jirgi hanya, dama ko hagu, har ya zagaye garken. Masu tuƙi ba sa tambaya, inda tuta ta nuna nan suke bi. Shekara arba'in da biyu Baba Majiet yana kan dutsen nan, ba a taɓa cewa ya fifita jirgin ɗansa ba, ba a kuma taɓa cewa ya jiƙa tarun wani a banza ba.

Ko a zamanin da gwamnatin wancan lokaci ta zo da manyan motoci ta kwashe mu saboda launin fatarmu ta zube mu a bayan duwatsu, bai fasa ba. Yana saurayi yake taka ƙafa awa biyu kullum ya zo ya hau dutsensa. An karɓe gidan da aka haife shi, ko da muka dawo ba a mayar masa ba, yanzu haka shagon shan kofi ne. Dutsen ne kaɗai ba su iya ɗauka ba.

Abin da ba wanda ya sani sai Wardiya shi ne, shekara biyu ke nan da likita a cikin gari ya ce hawan jinin ido ya cinye ganin tsohon, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A jirgin ƙasa suna komowa ya kama hannunta ya ce, "In mutanen nan suka ji, ki ɗauka kin binne ni." Tun daga ranar take binsa da sunan kai masa shayi. Ita ke gani ta raɗa masa, shi ya busa.

Rannan da safe ne ta bar shi na minti goma kacal. Rushdin ya aiko yana son ganinta a matakalar tasha, ta ce wa Baba za ta ɗebo ruwan zafi. Tana tsaye a gabansa yana sa mata zoben azurfar kakarsa, yana ce mata kawunnansa za su zo ranar Lahadi, sai suka ji usur daga sama.

*

Bayan an naɗe tarun banza suka sake hawa, ita da Baba. Ana gab da la'asar ta hango shi. Garke ne na kifin nan mai rawayar wutsiya, faɗinsa ya kai filin ƙwallo, yana tahowa a hankali ta bakin gaɓa.

Ta dubi jan jirgi a bakin ruwa.

Layin Rushdin ne yanzu. In ta yi shiru garken zai wuce, ba mai sani, ba kuma mai zarginta. Ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Amma mai duba ba ya ɓoye kifi, haka aka koya mata tun tana goye.

"Baba... busa."

Kamun da jan jirgi ya yi a ranar, rabon Rooiklip da irinsa an fi shekara goma. Motocin 'yan kasuwa har kan titi. Mata sun jeru a wurin wanke kifi ana ta sowa, sai ga Shamiela, 'yar mai shagon burodi, wadda duk unguwa ta san ta daɗe tana aika wa Rushdin kusista, wani irin fanke mai kwakwa, duk safiyar Lahadi, shi kuma yana raba wa masu tuƙinsa.

"Ikon Allah!" ta ce, tana gyara tabarau. "Wasu sun iya lissafin soyayya. A jiƙa tarun yaya da safe, a cika na saurayi da yamma."

"Ke Shamiela, ki ji tsoron Allah," in ji wata tsohuwa.

"To ni me na ce, Anti? Na dai ga abin da na gani. Mutum biyu a matakalar tasha suna ƙus-ƙus tun da sassafe. Ko minti biyar ba a yi da haurawarta ba muka ji usur. Ni ban ce komai ba fa!"

Ƙarya ce, wallahi, ta juya abin ne kawai. Amma kafin magariba maganar ta shiga kowane gida a layi ukun nan.

*

Washegari Rushdin ya tare ta a kan gadar masu tafiya a ƙasa da ta haye hanyar jirgi. Iska tana kaɗawa da ƙarfi, ta riƙe mayafinta da hannu biyu.

"Me ya sa kika yi ƙarya?"

"Ka ba ni hanya, Rushdin."

"Kina gabana aka busa usur ɗin nan. Hannunki yana cikin nawa! Wardiya, hasken idona, dube ni mana. Me kike ɓoyewa?"

"Ba komai."

"Ba komai? Jiya na shiga masallaci mutane suka ja jiki. Ana cewa na saci layi da bakin mace. Mutanena sun ƙi cin rabonsu da daɗin rai. Ni wannan bai dame ni ba kamar yadda ake jan sunanki a ƙasa. Kalma ɗaya zan faɗa komai ya wanke."

"In ka ce ina tare da kai, tambaya ta gaba mece ce?"

Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, don sai da ya ɗaga kai ya dubi saman dutse, inda tsohon ke zaune shi kaɗai.

"Innalillahi... Tun yaushe?"

Hawayen da take riƙewa tun jiya suka zubo.

"Shekara biyu. Ni na bar shi, Rushdin. Na bar shi na taho wurinka, ya ga duhu ya ɗauka kifi ne, alhali duhun a cikin idonsa yake. Laifina ne, gara in ɗauka."

"Ba za ki iya ɗaukar wannan ke kaɗai ba, masoyiyata."

"Zan iya. Ka rantse mini ba za ka faɗa ba."

"Wardiya..."

"Ka rantse! In ka faɗa, wallahi ba ni ba kai har abada."

Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Daga ƙarshe ya rantse, muryarsa ko fita ba ta yi sosai.

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa suka zauna a barandar masallaci suka yanke hukunci. Akwai wani farin dutse a tsakiyar hanyar hawa, suka ce daga yau kada Wardiya ta ƙara wuce shi. Sai dai ta riƙa ajiye shayin a nan ta juya.

Ranar Lahadi kuwa ba kawun da ya zo. Anti Jawaya ce ta zo da kanta, ta ƙi ko zama.

"Ba gaba na zo yi ba, Majiet, tare muka taso, mota ɗaya aka loda mu. Amma yarinyar da za ta cuci ɗan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya saboda namiji, gobe wa za ta cuta? Ɗa ɗaya gare ni. Kuma kifin nan da aka ce an kamo mana, na rantse ko loma ban kai bakina ba."

Wardiya tana bakin ƙofar kicin, ta zuba wa mahaifinta ido. Yanzu zai faɗa, ta ce a ranta. Yanzu...

Baba Majiet ya murza carbinsa, ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Faizel ya yi tsaki daga inda yake gyaran igiya. "Ku kwantar da hankalinku, Anti. Ko kun zo ma ba za mu bayar ba. In dai ina numfashi, jan jirgi ba zai ga ƙanwata ba."

Bayan kowa ya watse tsohon ya lalubo hannunta.

"Uwata... gobe zan faɗa musu."

"To, Baba."

"Gobe in sha Allahu. Ki ƙara mini kwana ɗaya."

Ba ta ji haushinsa ba, tausayinsa ne ya kusa tsaga mata zuciya. Mutumin da duk unguwa ke miƙewa in ya shigo, yau shi ne yake roƙon 'yarsa kwana ɗaya.

*

Goben nan ta zama sati uku.

Baba Majiet yana hawa kullum, don ƙafarsa ta haddace hanyar, ya zauna tun hantsi har yamma, bai busa ko sau ɗaya ba. Tsoro yake ji. Shuɗin jirgi ya yi kwana goma sha biyu a bakin ruwa, har Faizel ya gaji ya jefa taru da ka, ya kamo abin da bai cika kwando biyu ba. Layi ya koma wa Rushdin, shi ma ya zauna.

Ita kuwa Wardiya daga kan gada take hango su. Garke bayan garke suna shigowa, su yi ta shawagi a gaban unguwa, su fice. Lokacin kifin ne, in ya wuce sai baɗi. Takan kama ƙarfen gadar tana kallo, ba damar ta yi magana. Gida arba'in ne ke ci daga taru biyun nan. Mata suka fara dafa shinkafa da albasa zalla, ana cewa tun da aka ci amana teku ta yi fushi. Shamiela kuwa kullum tana gidan Anti Jawaya, yau ta kawo burodi, gobe ta taya ta wanki, har ta fara ce mata Ummi.

Ran da aka cika kwana ashirin Rushdin ya same ta a bayan maƙabarta tana shanya. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"Jiya ɗaya daga cikin masu tuƙina ya sayar da kekensa. Wani ya ce zai koma aikin gini a gari. Wardiya, kina ganin kifin nan ko?"

"Ina gani."

"To har yaushe? Ki sake ni daga rantsuwar nan, don Allah. Zan je wurinsa ni kaɗai, in durƙusa in roƙe shi."

"Zai mutu, Rushdin! Ba ka san shi ba. Dutsen nan kaɗai ya rage masa."

"Ni kuma fa? Ke kaɗai kika rage mini, kuma ina kallo ana raba ni da ke a kan abin da ba ki yi ba. Ummi ta ce in ba ta amsa a kan Shamiela kafin ƙarshen wata."

Ta zare zoben daga zaren da ta rataye shi a wuya, ta kama hannunsa ta sa masa.

"Ka bi maganar mahaifiyarka."

"Wardiya, kada ki yi mini haka..."

"Ni ma tawa biyayyar nake yi."

Ta ɗauki bokitinta ta wuce. Sai da ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa sannan ta toshe baki da filo ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba.

*

Washegari aka tashi teku tana tumbatsa. Sama garau, amma daga nesa manyan igiyoyin ruwa ke tahowa jefi-jefi. Da safen nan wani ya yi wa Baba Majiet gori a ƙofar masallaci, wai ko usur ɗin ma 'yarsa ta tafi da shi ne. Sai ya hau dutse.

Da hantsi Wardiya ta kawo shayi ta ajiye a farin dutse. Tana juyawa ta ji kukan tsuntsayen teku sun cika sama, suna faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Kifi ne, ba shakka. Shi ma tsohon ya ji su.

Sai usur ya tashi.

Ta ga jan jirgi ya faɗa ruwa, mutum huɗu suna tuƙi, Rushdin a baya yana sakin taru, idonsa a kan dutse. Ta ɗaga kai. Farar tuta tana nuna hagu.

Hagu!

Kunnen Baba ya gaya masa inda tsuntsaye suke, amma bai gaya masa abin da ke tsakani ba. A hagun nan ne duwatsun da muke kira Haƙora suke kwance a ƙarƙashin ruwa. Ga wata ƙatuwar igiya ta taso daga nesa, ita kuwa tuta sai ƙara nuna hagu take, jirgin yana bi.

Ta dubi farin dutsen da ke gaban ƙafarta. In ta haye shi ta karɓi tutar nan a gaban duk unguwa, asirin da ta sayar da komai nata don ta rufe ya tonu.

Ta yar da takalmanta ta kwasa da gudu.

"Ga ta can! Ta haye!" Muryar Shamiela ce daga ƙasa. "Jama'a ku gani da idonku!"

Ba ta waiwaya ba. Tsakuwa ta yanke mata tafin ƙafa, mayafinta ya maƙale a ƙaya ta bar shi. Ta iso sama numfashinta kamar zai ɗauke, ta fizge tutar daga hannun mahaifinta.

"Wane ne?"

"Baba, Haƙora! Kana kai su Haƙora!"

Ta ɗaga tutar da hannu biyu ta kaɗa dama da iyakar ƙarfinta. Jirgin bai juya ba. Rushdin ya tsaya cak, yana ganin an canza hannu.

"Juya mana... Rushdin, don Allah ka juya!"

Sai ta ji usur a gefen kunnenta, busa uku a jere, alamar haɗari. Baba Majiet ne, hawaye na bin gemunsa, yana busawa kamar ƙirjinsa zai fashe.

Jirgin ya karkata. Igiyar ta iso ta ɗaga shi sama, ta maka gefensa a bakin dutsen ƙarshe. Itacen tuƙi ɗaya ya karye biyu, ƙararsa har sama. Ruwa ya rufe su, Wardiya ta daina ganin komai sai farin kumfa.

Ɗaya... biyu... uku... huɗu...

Biyar! Dukansu suna ciki.

"Uwata, gaya mini," in ji tsohon. "Me kike gani?"

"Sun fita, Baba. Sun fita duka."

Ya sulale ya zauna a ƙasa. Can ya ce, "Kifin fa?"

"Yana nan, ya koma dama."

"To me kike jira? Kai su."

Da itacen tuƙi uku ta zagaya da su garken, a hankali, har bakin tarun ya haɗu. Masu ja suka kama igiya, har da mutanen shuɗin jirgi, don ranar ba wanda ya tsaya tambayar layin wane ne.

*

Ba a taɓa ganin Baba Majiet ya sauko daga dutse riƙe da kowa ba. Ranar ya sauko dafe da kafaɗar 'yarsa, a gaban kowa, yana laluben ƙasa da ƙafa. Kifi na ta tsalle a kan yashi amma ba mai kallonsa.

Faizel ya taho a fusace. "Wa ya ba ki izinin..."

"Faizel," tsohon ya katse shi. "Tsaya a inda kake. Ɗaga hannunka, ka nuna mini yatsu ko nawa ka ga dama."

Faizel ya yi turus. A hankali ya ɗaga yatsu uku.

"Ka ɗaga?"

"Na... na ɗaga, Baba."

"To ban ga hannun ba ma, balle yatsu. Shekara biyu ke nan." Ya juya inda yake jin numfashin jama'a. "Duk kifin da kuka ci a shekara biyun nan, idon yarinyar nan ne ya gano muku shi. Ran da aka jiƙa tarun banza ni na busa, ba ta ma kan dutsen. Ta ɗauki laifina, ni kuma na bar ta ta ɗauka. Ina zaune aka zage ta, ina zaune aka fasa aurenta, na sa muku yunwa sati uku, yau kuma na kusa kashe 'ya'yan mutane biyar, duk don kada a ce Majiet ya makance. To ga shi na faɗa da bakina. Na makance."



Faizel ya durƙushe a kan yashi ya kama ƙafar ƙanwarsa mai jini, yana ta faɗin "Wardiya... Wardiya..." Aka nemi Shamiela aka rasa, sai ƙofar shagon burodi aka ji ta rufe.

Rushdin ya ratso mutane, jiƙe sharkaf, goshinsa a fashe. Ya miƙa mata hannunsa. Zoben yana ɗaure da zare a wuyan hannun, da shi ya shiga ruwa.

Anti Jawaya ce ta kwance zaren da kanta. Ta cire mayafinta ta rufa wa Wardiya.

"Na ce wa za ki cuta gobe. Kaicona da bakin nan nawa! 'Yata, ki yafe mini, ko ba don halina ba."

"Ba komai, Anti."

"Ummi za ki ce."

Sai a lokacin Wardiya ta fashe da kuka.

Dattawa suka fara ƙus-ƙus a kan wa zai hau dutse, tun da ba a taɓa ba mace ba. Baba Majiet bai jira su gama ba. Ya cire usur daga wuyansa, ya lalubi kanta ya rataya mata.

"In akwai wanda ya fi ta ido a cikinku, ya zo ya cire."

Ba wanda ya motsa.

An ɗaura aure bayan kifi ya wuce, a masallacinmu, Faizel ne ma ya yi ta rabon shinkafa yana tsokanar ango wai ya shirya, matarsa ba za ta ƙara masa ko rabin layi ba. Gaskiya ya faɗa, har yau ba ta taɓa ba.

Baba Majiet bai ƙara hawa dutsen ba. Ta roƙe shi, Rushdin ya ce zai goya shi, ya ce a'a, wurin mai gani ne. A kan benci yake wuni a jikin bangon masallaci, fuskarsa tana kallon teku. Ya rage magana, ya rage cin abinci, cikin shekara ɗaya ya tsufa tsufan shekara goma. Abin da ta ji tsoro bai fasa zuwa ba, a hankali dai ya zo.

Kullum da yamma in ta sauko takan zauna kusa da shi, ta zuba masa sauran shayin da ta hau da shi.

"Uwata, yau wane launi ruwan ya yi?"

"Kore ne a bakin gaɓa, Baba. Daga Haƙora zuwa can ya yi shuɗi mai duhu."

"Gobe za su shigo ke nan. Ki hau da wuri."

"To, Baba."

Ya lalubo usur ɗin a wuyanta, ya riƙe shi a tafin hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya sake shi.